Jarrabawar da Muka Ɓoye wa Gari

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu, kuma don Allah a sakaya sunana da na garinmu. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare a Kazaure ba. Na dawo gida, wani ƙaramin gari tsakanin Roni da Gwiwa, ina taya Innarmu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ina jiran Allah ya kawo gurbin karatu. Ni yarinya ce mai jin magana. Abin da aka ce in yi shi nake yi, ba na tambayar dalili, kuma a ganina a lokacin iyakar tarbiyya ke nan. Har yanzu da nake rubutun nan, in na ji hayaniyar samari a bayan katanga sai in tashi in rufe ƙofa.

Mu biyu ne a wurin Inna, ni da Yayana, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya riƙe gidan tun rasuwar Baba. A Kano yake aiki, cikin masu haɗa kwamfutocin ma'aikata su riƙa magana da juna, daga wannan reshe zuwa wancan, daga gari zuwa gari. Akwai wata jarrabawa ta ƙwararru a fanninsu, ta masu tsara yadda za a shimfiɗa irin wannan sadarwa tun daga tushe. Ya ce min ita ce ƙololuwa, wuni guda ake yi ana rubuta ta, kuma sai an fita ƙasar waje. Ya taɓa zuwa ya faɗi. A wancan karon kowa ya sani, har tasha abokansa suka raka shi, mata na shigowa suna yi wa Inna murna tun kafin a ga sakamako. Da ya dawo hannu rabbana, Inna ta ce ba komai ba ne illa kambun baka. Saboda haka da ya ɗauki hutu ya dawo gida don ya sake shiri a wurin da babu hayaniya, ta zaunar da mu ta ce wannan karon ko kazar gidan nan kada ta ji, duk wanda ya tambaya a ce hutu yake yi. Yaya ya yi dariya ya ce to Inna, amma a ƙasan ransa na san shi ma kunyar faɗuwar farko na cinsa, shirun ya yi masa daɗi.

Ɗakin Baba na kusa da zaure ya gyara. Ya kafa sola, ya ɗaura eriya a kan wani dogon ƙarfe da ya zarce darbejiyar ƙofar gida don ya samu sabis, ya jera wasu na'urori masu kama da dikoda, fitilunsu na ƙiftawa kore da ja. Sai wani farin allo babba da ya rataye a bango. Ya taɓa yi min bayani cewa a jarrabawar labarin wata ma'aikata ake ba ka, mai rassa a wurare da yawa, a ce ka tsara yadda za a haɗa su, sannan a ce ga layi kaza ya yanke, ta ina saƙo zai bi. Ya ce shi abin ya fi zama masa a kai in ya yi da garuruwan da ya sani. Don haka ya zana Kazaure a tsakiya, ga Babura can, ga Roni, ga Gwiwa, ga Yankwashi, ga ƙananan garuruwa har da namu, ya ja layuka a tsakaninsu. Inda yake ƙaddara cewa layi ya yanke sai ya yi jar alama. Ya kewaye wuraren da ke da asibiti, domin burinsa wai wata rana ma'aikaciyar jinya a ƙauye ta iya nuna wa likita a Kazaure mara lafiya ba tare da an ɗora shi a babur ba. Ya daina zama majalisa, daga masallaci sai ɗaki, kuma daga waje ana jiyo shi yana Turanci da abokan karatunsa na wasu ƙasashe.

Abin da mu ba mu lissafa ba shi ne halin da gari ke ciki. Labarin masu satar mutane yana ta shigowa daga yamma, kowa a tsorace, kuma maganar da ke bakin kowa ita ce ba sa shiga gari sai da ɗan gari, wanda ake kira infoma. Maƙwabciyarmu ma an taɓa tare ƙanen mijinta a hanya, da ƙyar aka samo shi. Ita ce ta shigo wata rana da hantsi, Yaya ya tafi Roni, ta ce 'yar nan taimaka ki sa min waya a caji. Soket ɗin yana ɗakinsa, ni kuwa na buɗe mata ba tare da tunanin komai ba. Ta tsaya a gaban allon ta daɗe. Ta iya karatun boko daidai gwargwado, na ga leɓenta na motsi tana karanta sunayen. Sai ta nuna jar alamar da ke kusa da garinmu ta ce wannan fa, na mene ne. Na ce an hana mu faɗa. Ta ce haba ɗiyata, ni ce fa, ni da na goya ki. Na ce wallahi Inna ta ce ko da wasa kada wani ya ji abin da yake yi a ɗakin nan. Ta dube ni, ta dubi fitilun nan masu ƙiftawa, ta zare wayarta ko ɗigon caji ba ta ɗauka ba, ta fita.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa, kuma na gani da idona. Masu aiko yara sayen mai suka ragu. In na isa famfo sai hira ta mutu, a matsa min in ɗiba in tafi. Na gaya wa Inna, ta ce hassada ce, kin ga abin da nake faɗa, kada ki kuskura ki ɗaga masa hankali ga jarrabawa ta matso. Ban gaya wa Yaya ba.

Ranar kasuwa ce, bayan la'asar. Yaya yana gwajin jarrabawar tun safe, ya ce kada a ƙwanƙwasa masa sai in sallah ce. Ina tsame ƙuli daga mai na jiyo wata irin hayaniya tana matsowa, kamar ta masu bin ɓarawo. Kafin in ajiye matsami har sun cika ƙofar gida, samari da gora da adduna, wasu na sani, wasu baƙin kasuwa ne. Inna ta tare bakin zaure tana tambayar lafiya, aka ture ta gefe. Na ruga ina dukan tagarsa ina kiran Yaya, Yaya, amma ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, bai ji ba sai da ƙofar ta faɗo. Suka jawo shi waje ba takalmi, alƙalamin allo na hannunsa. Wasu suka ɓamɓaro allon suka ɗaga shi sama jama'a na gani, sai na ji wani na ihu wai ga ƙauyensu nan an yi masa ja, wani ya ce ga asibitin da matarsa ke kwance. Nan aka rufe shi da duka.

A lokacin ne bakina ya buɗe. Na riƙa kururuwa cewa jarrabawa ce, wallahi jarrabawa yake shiri, ku tambayi wurin aikinsa. Wani ya ce jarrabawar gidan uban wa, ƙato da gemu a ɗaki da eriya, in karatu ne me ya sa ake ɓoyewa. Sai na ji muryar maƙwabciyarmu daga bayan mata tana cewa ai ƙanwarsa da bakinta ta ce an hana su faɗa. Na ji ana cewa a kawo taya, wani ya nufi babur zai zuƙo fetur, na ga jini na fita ta kunnen Yaya.

Mai unguwarmu ne Allah ya kawo, tsoho, aminin Baba. Ya ratsa su da sandarsa, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓa wa Yaya, ya tsaya a kansa. Ya ce duk mai son ƙona yaron nan ya fara da shi, shi ya raɗa masa suna, in mai laifi ne akwai hukuma, in kuwa ba shi da laifi wa zai ɗauki jininsa gobe ƙiyama, ya fito ya faɗi sunansa a ji. Ba wanda ya fito, amma ba wanda ya tafi. Haka tsohon nan ya tsaya har motar 'yan sanda ta iso. A Kazaure aka yi bincike, mutanen wurin aikinsa suka zo suka yi bayani, aka wanke shi tas. Sai dai ranar jarrabawar ta wuce yana gadon asibiti, kuma kunnensa na hagu bai sake ji ba.

Da mai unguwa ya zo duba shi, ya ce wa Inna cikin sanyin murya, da kalma ɗaya aka gaya masa, da ya sanar a masallaci an taya yaron addu'a, shi ke nan. Inna ta rufe fuska da mayafi. Yaya bai taɓa ɗora min laifi ba, cewa ya yi ƙanwata ke abin da aka sa ki kika yi, kuma wannan maganar ta fi min zafi a kan da zagina ya yi. Kwanan baya na je wurinsa a Kano, na tarar ya koma karatun, ya sayi sabon allo. Zanen nan ne dai, layukan nan ne, amma babu sunan gari ko ɗaya, sai haruffa. Na tambaye shi ina Gwiwa, ina Roni, ina asibitocin. Ya juyo min da kunnen dama ya ce in maimaita, bai ji ba. Na ce masa ba komai.

Ban ce a riƙa tallan sirrin gida a kasuwa ba, kuma ban riƙe maƙwabciyarmu a zuci ba, ita ma da nata ciwon ta shigo ɗakin. Amma 'yan'uwana, a zamanin da tsoro ya cika gari, in kun bar mutane da tambaya ba amsa, su za su samo wa kansu amsa, kuma ba mai kyau za su samo ba. In ɗanku na wani aiki da idon mutane bai saba gani ba, ku sanar da mai unguwa ko liman tun da wuri. Ku kuma masu gora, ku tsaya ku tambaya kafin ku ɗaga hannu. Mu bakin mutane muka guda, muka yi shiru, shirun ya kusa ci mana mutum.