Kiɗan da Yayana Ya Dawo da Shi Daga Ikko

Shekarar da aka sallami yayana daga aikin tashar jiragen ruwa a Ikko, lokacin da gwamnatin farar hula ta tsuke bakin aljihu har sabulu da madara suka yi wuyar gani a kasuwar Bodinga, ya dawo gida da katifa da wani ɗan abin wasa da bai cika tafin hannu ba. Yana da gilashi irin na agogo. A ciki akwai ɗan baƙin mutum da kwando a ka, yana gudu hagu da dama yana tare abubuwan da ke faɗowa. Da an kunna sai ya saki wani siririn kiɗa, kamar gyare ya koyi busa sarewa.

Babanmu ya juya shi a hannu ya ce, "Mutane na zuwa Kurmi su dawo da keke, kai kad dawo muna da gyare."

Yaya ya yi dariya kawai. Ya koma noman albasa a fadamar Danchadi, ni ina biye da shi. Yana jan ruwa yana bin kiɗan nan da fito, duk da dattawa ba sa son fito. Matan gidanmu ma suka sa masa baiti suna daka da shi: "Tare, tare, ɗan kwando, abin sama na ƙasa ne." A hankali ya zama takensa. Da an jiyo shi daga bayan danga an san wa ke tafe. Kafin damina batirin ya mutu, aka nema har Sakkwato ba a samu ba, abin wasan ya ɓace cikin tarkacen gida. Bayan wasu shekaru Yaya ya rasu, ya bar ɗiya tana goye. Da aka yaye ta, ni na riƙe ta.

Yanzu malamar firamare ce a Shagari, kuma ita ta tura ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Tana rubutu a wani shafi na intanet inda masu son tsofaffin wasannin na'ura ke taruwa. Kowane wasa da maƙalarsa, kowane kiɗa da tasa, wani ya rubuta wani ya gyara. Wata rana ta ce, "Bappa, kullum kana zancen kiɗan babana, ni ban taɓa jin shi ba. Kwatanta muna, ko wani ya san shi."

Na gwada fito. Farkon ya zo, wutsiyar ta ƙi. Na daɗe da lura tana zamewa daga kaina, ban dai gaya wa kowa ba. In ta ɓace mini gaba ɗaya, ban san wanda zan tambaya ba.

Wurin tambaya a shafin ba ya ɗaukar murya, sai rubutu. Na ce ni zan rubuta da hannuna. Na yi ta dangwala haruffa har na haɗa cewa kiɗa ne siriri mai daɗi, yana sa mutum ya tuna gida. Wani ya amsa: "Allah ya ƙara daɗi, Malam, amma kowane kiɗa haka yake ga mai shi."

Ɗiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. "Bappa, an ba ka amsa daidai kai."

Na sake cewa yana da sauri kamar luguden mata uku. Aka yi ta kawo mana sunayen wasanni, tana nemo kiɗansu muna saurara, babu ko ɗaya. Ban ƙosa ba. Wanda ya yi renon irin albasa ya san jira.

Ranar wata kasuwa na tsaya wajen mahauta, na ga mai kalangu yana faɗin magana da baki, kalangun na maimaitawa. Nan baitin matan gidanmu ya faɗo mini. Na rubuta shi, na ƙara da cewa a faɗe shi da ƙarfi, da saurin mai daka. Wani tsohon direba daga Maraɗi ya amsa. Ya ce yana faɗa sai kunnensa ya gane, kuma irin abin wasan yana nan cikin akwatinsa, yana aiki. Ya nemi lambar ɗiyata ya aiko da sautin. Har yau ban san fuskarsa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Muka kunna. Shi ne, ba shakka. Sai dai daidai inda nake kakarewa ya tsaya, ya koma farko. Muka tambayi mutumin Maraɗi, ya ce iyakarsa ke nan. Ashe wutsiyar ba ta na'ura ba ce, Yaya ne ya ƙara abarsa a bakin rijiya.

Kiɗan ba shi da maƙala, sai aka ce mu buɗe. Ɗiyata ta sa mata sunan mahaifinta. Masu kula da shafin suka cire, suka ce dole a sa sunan da mai nema zai iya nema da shi. Ta fusata.

"Su wa? Ba don kai ba, wa ya san da shi?"

Na ce, "Ɗiyata, suna na mai kira ne. Da mutumin Maraɗi ya sa sunan nashi uban, da mun gane?"

Da ƙyar ta yarda. Aka tsaya a kan "Kiɗan farawa na wasan ɗan kwando", a ƙasa aka ambaci cewa wajen Danchadi ana ce masa Tare-tare. Bayanin yadda yake tashi da sauka ni na rubuta, wani ya gyara mini kurakurai ba tare da gori ba. Wutsiyar kuwa ba ta da wuri a can, tunda ba ta cikin wasan.

Da hutu muka je Dandin Mahe gaishe da mahaifiyarta, wadda ta sake aure tun da daɗewa. Ba ta taɓa ɗauko zancen Yaya ba, mu ma kara ta hana mu tambaya. Tana tsintar shinkafa a faifai ɗiyata ta kunna wayar.

"Mi ne ne wanga shirme kuma?" in ji ta.

Kiɗan ya kai inda yake tsayawa, ɗiyata ta kashe. Sai muka ji ya ci gaba a maƙogwaron uwar, a hankali, ba ta ko ɗaga kai ba, har ta kai shi ƙarshe.

"Inna, sake."

"Ke, bar ni in yi aikina."

Ta zubar da tsakuwar da ta tara a gefen faifai, sannan ta sake rera shi. Ni kuwa na juya fuska ga bango ina bin ta a ƙasan numfashi, har kiɗan ya zauna mini a ka.