Yadda Na Nemo Shaidar Mutuwar Ɗan Farina

Assalamu alaikum, Edita. Ni tsohuwa ce daga Madadi ta ƙasar Gwarzo. Ban yi boko ba, karanta min mujallarku ake yi, kuma wannan da kuke gani da bakina na faɗa aka rubuta, ban yarda an ƙara min ko kalma ba. A shekarun da zan ba ku labari ni mace ce mai ji da kanta. Ina matsar man gyaɗa ina tuyar ƙuli-ƙuli, mata na kawo min rigimarsu ina rabawa, kuma duk unguwa an san ba a taɓa kama ni da rashin ta-ido ba. Babban abin taƙamata shi ne kunyar ɗan fari. Tun da na haifi nawa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ga shi kuma sunan mahaifin maigidana aka mayar masa, kunyar ta zama biyu. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke, a ɗakinta ya girma. In zan aike shi sai in ce kai, in zan yi zancensa sai in ce wancan na ɗakin tsohuwa.

Ya girma ya yi aure, sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma ya zama abin ɓoyewa a ƙasan gado. Mahaifinsa ya riga ya rasu, gonar ba ta riƙe gidan, sai ya tafi cirani wajen Kabo yana aikin yankan rake. Wata rana wani ɗan kasuwa ya yi sallama a zaure ya ce zazzaɓi ya yi ajalinsa a Masanawa ta ƙasar Kabo, mutanen garin sun yi masa sutura sun binne shi a ranar. Ban yi kuka a gaban kowa ba, ban tambayi ko wa ya wanke shi ba, mata suka yi ta yabon dauriyata. Ƙanin maigidana ya ce zai je ya ga kabari, damina ta sauka, kowa ya faɗa gona, aka bar maganar. Matarsa ta yi takaba ta fita, daga baya wani malamin Islamiyya a cikin Gwarzo ya aure ta, Allah ya ba su 'ya'ya. Ba ta yar da ni ba, duk salla sai ta aiko min da tuwo.

Shekaru suka ja har aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kowa ya shiga duba al'amuransa. A nan ne wani mai fataucin goro ya dawo daga Kurmi yana rantsuwa cewa ya ga ɗana da ransa a wata tasha yana dako. Zance ya zaga har kunnen malamin. Shi kuwa mutum ne mai tsoron Allah, ya ƙaurace wa ɗakinta ya kai magana gaban alƙali, don in har mijin farko na raye, kuma babu wanda ya ga gawarsa, to auren nasu akwai abin dubawa. Ɗan kasuwar da ya kawo labarin mutuwar tuni ya rasu, haka ƙanin maigidana. Alƙali ya ce a kawo shaida. Sai ga surukar tawa ta zo ta zube a gabana da goyo, tana cewa Inna, in aka raba auren nan ina za ta kai yaran nan, kuma da wane suna za a riƙa kiransu a gari. Na ce ta tashi ta share fuska, ni zan nemo. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, tun da na ji zancen mai goron wani ɓangare na zuciyata ke fatan ya yi gaskiya.

An ce min a sakatariya akwai ofishin da ake rubuta wanda aka haifa da wanda ya mutu. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, don ni a sanina mala'iku ne da wannan aiki. Na yafa mayafina na tafi ni kaɗai, don ban ga wanda zai nuna min hanyar Gwarzo ba. Na tarar da ɗaki cike da takardu an ɗaure su dami-dami kamar dawa, fanka na juyawa a sama, wani magidanci mai ɗan furfura yana buga tafireta da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar tsaba. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko duk waɗannan damman matattu ne. Ya yi dariya ya ce rabi masu zuwa ne rabi masu tafiya. Na ce jaririn da ya koma kafin suna fa, a wane dami yake? Wanda ruwa ya ci ba a ga gawarsa ba fa? Ya ce Inna, ke bincike kika zo yi mana ko buƙata ce da ke?

Da na faɗi buƙatata sai ya ɗauki biro ya ce sunan mamacin. Na ce ɗan fari ne. Ya ce ya ji, sunansa fa. Na ce sunan surukina ne. Ya ce shi bai yi zamani da surukina ba, Allah ya jiƙansa. Masu jira a kan benci suka fara ƙunshe dariya, wata ta ce a bar tsohuwa, irinsu sun ƙare. Na ce masa to sunan wani annabi ne. Bawan Allahn nan ya ajiye biro ya shiga jero annabawa tun daga farko ina girgiza kai, yana cewa ya gode Allah da ya yi makarantar allo, har ya faɗo a kai na sunkuyar da kai. Ya duba inda zai duba bai samu ba. Ya ce ko Kabo na je ba lalle in samu ba, domin hukuma ba ta san mamaci ba sai wanda aka zo aka faɗa mata, kuma wanda ya cika a gida ba a asibiti ba, in danginsa ba su motsa ba babu mai rubuta shi. Ya ce in nemo waɗanda suka binne shi, mai unguwarsu ya ba da takarda, a yi rantsuwa gaban alƙali, sannan a kai ofishin ƙasar da ya mutu su bayar. Na leƙa Kabo ɗin duk da haka, don ba na son a ce an ce. Maganarsa ce ta fito.

Ranar da na sauka a Masanawa sai da na ji kunyar kaina, domin ashe tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Aka kai ni gidan liman, tsoho ne tukuf, matansa na ciki, almajiransa suka shimfiɗa min tabarma a soro. Na ce ina neman labarin wani baƙo mai yankan rake da ya mutu a nan shekarun wahala. Ya ce Hajiya, baƙin da muka binne a shekarun nan Allah kaɗai ya san yawansu, kuma 'yan cirani ba su cika faɗin sunan yanka ba, kowa da laƙabin da abokan aiki suka manna masa. Ya tambaye ni kamanninsa. Kun san ban iya cewa ga tsawon hancinsa ba? Ɗan da na haifa, amma ban taɓa tsayawa na ƙare masa kallo ba tun da ya yi wayo. Liman ya fara jan carbi. Can na ce yana da cindo a hannun hagu, kakarsa ce ta hana wanzami cirewa wai arziki ne. Wannan kam na sani, don in ina ba shi nono ba kowa a ɗaki, ɗan yatsan nan nake murzawa.

Liman ya ajiye carbin. Ya ce mai shida! Ai a wannan soron ya yi jinya, shi ya wanke shi da hannunsa, kuma da ya zo kan hannun hagun sai da ya tsaya ya nuna wa mai zuba masa ruwa. Ya aika aka kira mutumin, shi ma ya manyanta, ya ce ƙwarai, yaro ne mai barkwanci, yakan ce shi ya fi kowa saurin ɗaure rake tunda yatsunsa sun fi na kowa. Suka ce ya faɗa musu shi mutumin Madadi ne. Na yi ta yi musu tambaya kamar wadda ta zo neman aure: me yake ci, waƙa yake yi in yana aiki, yana da faɗa? Suna ba ni amsa ina jin labarin wani mutum da zan so a ce na sani. A wannan zaman ne fatan da na ɓoye ya mutu, kuma ban ji haushin mutuwarsa ba.

Mai unguwa ya ba da takarda, tsofaffin nan biyu suka biyo ni har gaban alƙali. Suka ba da shaida a kan yatsa da gari da shekara, amma ba su san suna ba. Alƙali ya ce shaidarsu ta tsaya a kan wani mutum mai cindo, saura wanda zai haɗa mutumin da sunan da ke gaban kotu, kuma ba wanda ya fi wadda ta haife shi. Na ce ranka ya daɗe, a jero min in ɗaga kai. Ya ce Inna, kotu ba ta rubuta ɗaga kai, rantsuwa da baki ake yi. Na waiga na ga surukata ta ƙura min ido, malamin nata na can gefe kansa a ƙasa. Sai na faɗa. Muryata ta fito kamar ba tawa ba, har alƙali ya ce in maimaita bai ji ba, na sake faɗa da ƙarfi har na bakin ƙofa suka ji. Aka shafa min tawada a babban yatsa na dangwala. Bayan an kai Kabo an buga hatimi takardar ta fito, alƙali ya ce aure na nan daram, mai goro kama ce ya gani. Malam ya mayar da matarsa ɗakinta.

Har gobe ban ce kunya banza ce ba, da ita aka raine mu kuma ta tsare mu daga abubuwa da yawa. Amma na gane akwai inda take hana mutum abin da ba shi da madadi, kuma wanda ke biyan kuɗinta ba lalle mai yin ta ba ne, saura kaɗan yarinyar nan da 'ya'yanta su biya tawa. Ina jan kunnen 'yan uwana, musamman mu na karkara: in aka ce muku naku ya rasu a wani gari, kada ku tsaya a kan an ce. Ku tashi ku je, ku ga waɗanda suka wanke shi, ku karɓi takarda tun shaidu na da rai, ko da kuna ganin ba za ta yi muku rana ba. Ku je tun ƙasar kabarin ba ta kwanta ba. Ni da na je, na roƙi liman ya tsaya da ni daga nesa ya nuna min inda yake, ya daɗe yana duban filin, sannan ya ce in yi haƙuri, duk sun baje.