Turmin da Ba a Wanke Ba

Maƙwabcina ya yi karatu har gashin gaban kansa ya gudu, amma aikinsa daka. Wallahi daka. Ni da na bar makaranta tun ban iya ɗaura zane da kyau ba ina da keken ɗinki, shi kuwa da duk takardunsa turmi da taɓarya aka miƙa masa. Shi ya sa nake kiransa Mai Turmi, shi kuma ya ce mini Tela.

A wani ɗakin bincike yake aiki, inda ake kai musu ganyaye masu ƙamshi, su na'a-na'a da ɗoɗɗoya da 'yan uwansu. In ya dawo da yamma, tun daga bakin lungu hancina ke sanar da ni.

"Mai Turmi, yau miyar me aka yi a ofis?"

"Tela, ba miya muke yi ba. Di-en-e muke cirewa."

"Ɗiyan wa?"

Sai ya tsaya da jakarsa a kafaɗa ya yi mini bayani, don shi ba ya gane tsokana sai ta wuce. Wai a cikin kowane ganye akwai wani siririn zare da ido ba ya gani, a jikinsa aka ajiye duk asalin tsiron da danginsa. Na ce to ashe sana'armu ɗaya, ni ma da zare nake ci.

Matarsa ƙawata ce. Amarya nake ce mata har furfura ta fara leƙo mata a gefen kunne. Gajeriyar katanga ce tsakaninmu, a kanta kuma akwai wata tukunyar shuka da ta zo da ita daga gidan kakarta. Ba wanda ya san sunan ganyen. Ya ɗauko na'a-na'a amma ba ita ba ce, akwai ɗan lemo-lemo a ƙarshensa, da wani abu kamar ƙasar da ruwa ya taɓa. Shi take jefa wa mijin a shayi. Na sha ce masa, "Kai da kake tonon asirin ganyen mutane, na gidanka fa?" Ya ce wannan ba na bincike ba ne, na sha ne.

Da ciwo ya kwantar da Amarya, asibiti ta zama gidanmu, shi ya yi wuni, ni na karɓe shi. Ba wanda ya tuna da tukunya. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, muka dawo ba tare da ita ba, shukar ta riga ta zama ƙirare. Ya yi ta ba ta ruwa har ƙasar ta yi tsami, ko tsiro ɗaya. Abin da ya rage sai wani gwangwanin madara a kan kanta, da busasshen ganyen da ta shanya masa da hannunta, bai kai rabi ba.

Daga nan katangarmu ta koma kasuwar tukwane. Duk inda ya ji an ce akwai ganye mai ƙamshi sai ya samo reshe ya dasa. Ya murza, ya sansana, ya miƙo mini ta kan katanga.

"Tela, ji wannan."

"Wannan ai warin maganin sauro yake yi."

"Wannan fa?"

"Ya yi kusa. Amma ba shi ba ne."

Da hanci ya gaza, sai ya koma ga sana'arsa. Ya ce in ya ciro zaren daga ganyen gwangwanin, za a gwada shi da na tsirran da aka sani, a gane danginsa, ya san abin da zai nema da inda zai nema. Shugabarsu, wata Dakta mai kirki, ta ba shi dama.

Sai dai ganye mai ƙamshi taurin kai gare shi. Shi ya faɗa mini. Man da ke sa shi ƙamshi, da wani abu mai sa ganye ya yi baƙi in an yanka, su ne ke liƙe wa zaren su ɓata shi. Dole sai an wanke su tas kafin a same shi. Kuma ɗanyen ganye sabon toho ake so, nasa kuwa tsoho ne da rana ta gasa.

"Tsaya," na ce. "Wato sai ka wanke ƙamshin ka zubar?"

"Haka aikin yake."

"Kai da ƙamshin kake nema?"



Ya gwada, abin ya fito ja-ja kamar tsatsa. Ya sake, ya fito da yauƙi. Kowane gwaji kuma yana cin ganye. Da can in ya dawo aiki sai na jiyo ƙarar murfin gwangwanin ta katanga, ya buɗe, ya yi shiru, ya rufe. Ƙarar ta fara canjawa, kamar ta abin da ba komai a cikinsa. Na ce masa, "Mai Turmi, ka bar sauran nan. Ko ba komai kana buɗewa ka ji ta." Ya ce ko ya bari, ƙamshin gwangwani tafiya yake yi a hankali. Shi mai rai yake so, wanda zai ba ruwa da safe.

Ranar gwajin ƙarshe ina wurin. Farar rigarsa ta aiki ce aljihu ya yage, na ɗinke, ya manta da ita a kan kekena, na bi shi da ita. Mai gadi ya nuna mini ƙofa.

Ɗaki ne fari fat, sanyi kamar cikin firji, kwalabe a jere, injuna suna gurnani. Na ce ina turmin? Ya nuna mini wani ɗan abu na tangaran, bai fi kofin shayi ba.

"Wannan? Wannan ko barkonon jariri ba zai daka ba!"

Dakta ta yi dariya, ta ba ni kujera, ta ce kada na taɓa komai. Ita ta nuna mini yadda abin yake in ya yi kyau. Bayan daka, a zuba garin a wani ruwa mai kama da na sabulu, a ɗumama, a girgiza, a sa a injin da ke juyawa har datti ya kwanta, a kwashe na sama, a zuba masa sifirit mai sanyi. Ta ɗaga wata 'yar kwalba ta wani ganyen daban, na ga wani farin abu yana lilo a ciki kamar zaren auduga da ya faɗa ruwa. Na nemi na sansana. Ta ce ba ya ƙamshin komai.

Amma duk sirrin, in ji ta, a dakan yake. Ana zuba wa ganye wani ruwa mai sanyin bala'i wanda yake hayaƙi, ganyen ya ƙame kamar gilashi, a niƙe shi maza, a juye shi tun yana daskare. In aka bari ya huce a turmi, ya yi baƙi, shi ke nan.

Mai Turmi ya saka rigar, ya juye gwangwanin. Ɗan abin da ya zubo bai rufe gindin turmin ba. Ya buga gwangwanin a tafin hannu, ƙura kawai ta fito. Ya zuba ruwan, hayaƙi ya malalo kan tebur, ya kama niƙa, ƙaras ƙaras ƙaras. Mutumin da ya tsufa a kan wannan aiki, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Hayaƙin yana janyewa, sai ƙamshin ya tashi.

Ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba, ko lokacin da shukar take da rai. Na'a-na'ar, lemon, jiƙaƙƙiyar ƙasar, duka. Saura kaɗan na waiwaya na ce, Amarya, miƙo mini almakashina da kika ara.

Shi kuwa ya tsaya. Taɓarya a hannu, ido a rufe, ya sunkuyar da fuska kan turmin yana jan numfashi.

"Juye shi," in ji Dakta. "Malam, juye, yana hucewa!"

Bai ji ta ba. Ta taso za ta karɓa, ta ga fuskarsa, ta tsaya. Muna kallo garin ya jiƙe, korensa ya dushe, ya koma kalar tsatsa. 

Da ya buɗe ido ya dubi turmin, ya daɗe. Sannan ya ce, "Tela, kin ji?"

"Na ji."

A ɗakin nan doka ce, turmi ba ya minti a tebur sai an wanke shi. Ya ɗauka ya nufi famfo, ya kai hannu, ya kasa murɗawa. Dakta ta yago leda ta miƙa masa, ta ce akwai wasu turamen a kabad.

Yanzu turmin yana kan kanta, a gurbin gwangwanin, an ɗaure bakinsa. Na ɗinka masa 'yar riga da ragowar yadin da Amarya ta bari a wurina, na ce masa ko turmi ne ai ba a bar shi tsirara ba. Ba kullum yake buɗewa ba, yana tattali. Duk da haka ƙamshin yana raguwa, lemon ne ya fara tafiya.

Jiya ya dawo da sabuwar tukunya, ya rasa wurin ajiye ta a katanga sai da na kwashe shanyata.

"Mai Turmi, nan gaba a kaina za ka dasa."

Ya murza ganye ɗaya, ya miƙo. Na sansana, na sake sansanawa. Yana kallon bakina.

"Ba shi ba ne," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauko buta ya ba ta ruwa.