Ƙwayar da Ke Jiran Ƙarshen Karatu

Mai abu ya karɓi abinsa. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya yi miki rasuwa, Yaya, bayan shekarun da kika yi kina fama da ciwon ciki.

Ni ƙaninki mai shagon magani, ni nake kawo miki ƙwayar nan da ake samowa daga ganyen wani tsiro. Tana kwantar da murɗawar hanji, amma takan busar da baki, ta sa rubutu ya yi wa mutum dishi-dishi. A nan rigimarmu take. Tun da maigidanki, Malam, ya rasa ganinsa, ke kike karanta masa littattafansa kowace yamma a kujerar bakin taga. In kin sha ƙwayar ba karatu, don haka sai ki ajiye ta kusa da kofin ruwa, ki dafe ciki da hannu ɗaya, ki riƙe littafi da ɗayan.

Na yi faɗa har na gaji. Kika ce, "Auta, magani ka kawo ko wa'azi? Idon nan na mutum biyu ne. Kuma kada ka kuskura ka gaya wa Malam." Na kama bakina, raina yana ɓaci. Ƙorafinki ɗaya a kansa shi ne ya cika barci, ba a kai ƙarshen babi yake fara gyangyaɗi.

Jiya na zauna a kujerarki, na buɗe inda kika tsaya. Na karanta babi guda cif, Malam ko hamma bai yi ba. Na ce, "Yau ba barci?"

Ya ce, "Auta, in ta sha maganin ina ji a maganarta, bakinta bushewa yake. Ranar da muryarta ta fito tas, na san cijewa take yi. Sai in ce barci nake ji, don ta tashi ta sha."

Yaya, na yi kuka a gabansa, ban iya ɓoyewa ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka makwancinki. Ina yi wa 'ya'yanki da dukkan danginmu ta'aziyya. Allah ya ba Malam haƙuri na musamman, domin yanzu yana sauraro har ƙarshen babi, kuma ba muryar da yake so ba ce.