Tohon da Kaka Jatau Bai Zaɓa Ba

Ina kasuwar Tsafe wani mai shanu ya tare ni, ya ce kakana Jatau ya rasu jiya da hantsi, a gona, gatari na hannunsa. Dariya na fara yi, domin ya sha aiko mini da labarin mutuwarsa don in zo in taya shi aiki. Sai da na iso garinmu Wanke na tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida. Har yau kaina bai ɗauki abin ba.

Gonarsa fako ce tun kafin zuwan Nasara, ko ciyawa ba ta yarda da ita. Kowa in ya zo sassabe, sarewa yake ya cinna wuta. Shi kuwa sai ya tsuguna gaban kowane kututturen gawo, ya bar toho guda, ya ɗaura masa kaba. Nakan ce, "Tsoho, amarya kake zaɓe? In ka samu ni zan ƙwace." Ya ce, "Wanga yaro, tsohuwar da na aje ma ta fi ƙarfinka."

Gawon ya girma. Da rani shanu su kwanta a inuwarsa su bar taki, da damina ya zubar da ganye gero ya sha rana. Bai taɓa korar makiyayi ba. Yakan ce, "Ƙasar ga ba ta mutu ba, rana ce ta dame ta."

Ga inda na rikice. Ya bar gefen gabas bai gama ba, Baffa Sani, babban ɗansa, kuma ya ce za a share wurin a sa auduga. Inna, matar marigayin, ta kira ni ta ce, "Kai ne abokin wasansa. Je ka ɗaura kabar. Abin da aka ɗaura wa, Baffanka ba ya taɓawa."

Na je. Kowane kututture toho rututu, duk kama ɗaya. Mai kauri yake bari, ko miƙaƙƙe? Ni bakinsa nake kallo kullum don in sami abin tsokana, ban san me idonsa ke nema ba. Na ɗaura wa waɗanda suka yi mini, ina ta waiwaye ko zan ji, "Ba wanga ba, sakarai!"

Allah Ya jiƙan Kaka Jatau, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Inna da mu duka haƙuri. In ban zaɓi daidai ba, Allah Ya raya su haka nan, ladan ya isa gare shi.