Dutsen Bakin Ƙofar Ercilia

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙafa ta bayan San Pedro, wadda ke ratsa jajayen duwatsu ta ɓulle maɓuɓɓugar ruwan zafi, ya ga Don Anacleto Panire ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan mai malafar da ta sha rana har ta manta launinta, wanda ke durƙusawa a gefen hanya yana juya duwatsu yana leƙa ƙarƙashinsu. Baƙi 'yan yawon buɗe ido sukan ɗauka wani babban masani ne, su yi ta ɗaukarsa hoto. Direbobin otal kuwa cewa suke haƙorinsa na gaba da ya faɗi yake nema.

"Tsoho, yau ma ba a dace ba?" in ji Wenceslao, mai motar da ke sauke baƙi a bakin hanya. "Ka haƙura, ko ka same shi ba zai koma ba."

"Naka talatin da biyu me suka tsinana maka ban da surutu?" Anacleto zai ce, ba tare da ya ɗago ba.

Jama'ar ƙauye ne suka naɗa shi mai kula da hanyar, shekara talatin ke nan. Yana tsince robobin ruwa, yana gyara alamu, yana juyo da masu neman yanke. Takalmin mutum kawai zai duba ya faɗi daidai dutsen da zai zauna a kai ya ce a mayar da shi otal. Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai: 'yan hasumiyoyin nan da baƙi ke ɗorawa, dutse kan dutse, don su yi hoto. In ya gansu sai ya bi su da sanda yana watsarwa. In kuwa daga apacheta, tsohon tarin duwatsun nan na kakanni, aka ɗebi duwatsun, ranar ba mai jin muryarsa har yamma.

Apacheta tana tsaye a mararraba, inda hanyar da ke gangarowa daga tsauni ta rabu biyu. Ta dama ta nufi ƙauye da ruwa. Ta hagu ta faɗa busasshen kwazazzabo wanda ba ya kai kowa ko'ina. Kakanni ne suka tara ta: duk mai wucewa ya ɗauko dutse daga nesa ya ajiye, ya tofa masa ganyen koka, wanda matafiya ke taunawa don ƙarfin jiki, ya bar gajiyarsa a nan. Ana ƙarawa, ba a ragewa. Ko yaron goye ya san wanda ya ɗauki dutse daga apacheta ya ɗauki gajiyar mai shi.

Anacleto ma ya sani. Abin da ya sa labarin ke da nauyi ke nan.

Yana sabon aure lokacin da wani mai otal daga Santiago ya sa a gyara hanyar don baƙinsa na farko. Aka raba wa leburori wuri wuri, aka ce a jera duwatsu a gefe biyu a shafe su da farar ƙasa kafin Asabar. Rabon Anacleto ya faɗo a ƙasan mararraba, inda babu komai sai rairayi. Dutse mafi kusa yana da tafiyar rabin awa da baro. Apacheta kuwa ga ta nan, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, kamar an tara masa. Ya ce a ransa, hanyar mota ta fito, wa ke saukowa ta nan kuma? Kwana biyu ya kwashe ta tas. Faffaɗan dutsen da ke gindinta, wanda ake ɗora ganye a kai, ya turo shi gida ya ajiye wa amaryarsa Ercilia a bakin ƙofa, ya ce a rafi ya tsinto.

Sati uku bayan haka Fidencio, ƙanin Ercilia, ya taso da ƙafa daga mahaƙar farar wuta da ke kan tsauni, don motar ma'aikata ta lalace. Fidencio ba ya kiran Anacleto da suna sai "ɓarawon yayata", kuma yana jan ƙafar hagu tun da jaki ya taka shi yana yaro. Iskar ƙanƙara ta same shi a hanya, irin wadda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Mai saukowa cikin irin wannan iska abu ɗaya yake lalube: tarin duwatsu, sai ya bi damansa. Bayan kwana huɗu aka same shi can cikin kwazazzabon hagu, a zaune, ya jingina da bango kamar mai jiran wani.

Mutane suka ga apacheta ba ta nan, suka ɗora wa baƙin leburorin da mai otal ya kawo daga kudu, waɗanda tuni suka koma garinsu. Anacleto ya ɗauki makara da kafaɗarsa, ya yi kuka tare da kowa, bai ce uffan ba.

Tun daga shekarar yake jin sawun. Ba da dare ba, shi da ko kaza ba ta riga shi kwanciya. Da tsakar rana ne, lokacin da inuwar mutum ke ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa. In ya juyo daga ruwan zafi yana gangarowa, sai ya ji tafiya a bayansa: taku ɗaya, sai jan ƙafa, taku ɗaya, sai jan ƙafa. In ya tsaya, a tsaya. In ya waiga, ba kowa sai dutse da rana. A mararraba sawun ke yankewa, kamar mai shi ya tsaya yana dube-dube. Da farko Anacleto gudu yake yi. Daga baya, da gwiwa ta ƙi, sai ya koma yi masa magana.

"Dama ce, suruki. Dama. Sau nawa zan faɗa maka?"

Ba a taɓa biyo shi ba.

Shi ya sa yake juya duwatsu. Ba kowane dutse zai mayar ba, sai na asali, kuma ruwan sama na shekaru ya watsa su, an cakuɗa su da wasu, farar ƙasa ta rufe fuskarsu. Amma a ƙarƙashi, tabon ganyen da aka tofa yana nan, baƙi-baƙi kamar tsohon jini. Wani watan ya sami uku, wani watan ko ɗaya. Haka apacheta ta tashi daga idon sawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙugu, har ta kusa ƙirji. Mutanen ƙauye suna yaba masa, suna cewa ga mai riƙon al'ada. Kowane yabo kamar an ƙara masa dutse a aljihu.

A watan jiya shugabar jama'a, Doña Herminda, ta tare shi bayan taro.

"Don Anacleto, ƙarshen wata za ka huta. Kada ka kalle ni haka. Ranar Talata baƙi biyu ne suka sauko da kai, ɗaya a kowace hammata. Mu ne ya kamata mu ceci baƙi, ba su cece mu ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Ƙafafunsa sun yi masa saura hawa biyu ko uku, ba ƙari. Kuma ya daɗe da sanin cewa ya gama da duwatsun hanya. Saura ɗaya, wanda yake tsallakewa kullum safe in zai fita. Shekara talatin da ɗaya Ercilia na zaune a kansa tana ɓarar masara, tana kaɗi, tana yi wa maƙwabta shari'a. Ba ya ɗaukuwa a ɓoye. Ba ya ɗaukuwa ba tare da an ce mata tashi ba, kuma Ercilia ba a ce mata tashi ba dalili.

Ya yi kwana shida yana zagaya maganar kamar kare da tukunya mai zafi. Ranar Lahadi da hantsi, tana zaune a kan dutsen tana tsince masarar da za ta dafa faten da suke kira pataska, ya zo ya tsaya a gabanta da malafa a hannu.

"Wa ya mutu?" ta ce. "Rabon da in ga tsakiyar kanka tun ranar ɗaurin aure."

"Tsohuwa, dutsen nan. Ba a rafi na tsince shi ba."

Hannunta bai tsaya ba. Ya faɗa mata duka, da baro, da Asabar, da leburorin da aka zaga a banza. Muryarsa ta yi ta sirancewa har ta ƙare. Ta gama tsintar da ke gabanta, ta karkaɗe zaninta, sannan ta kama hannunsa ta kai gefen dutsen, can ƙasa. Yatsunsa suka ji tsagi uku.

"Nan kakana ke wasa wuƙarsa in mun sauko da awaki. Ni ke ɗora masa ganye a sama. Ranar da ka turo shi a baro na gane shi, na ce bari in ya huta in sa shi ya mayar. Ina amarya, ina jin nauyinka. Na ce gobe. Na sake cewa gobe." Ta saki hannunsa. "Sai aka kawo Fidencio."

Anacleto ya zauna a ƙasa.

"Shekara biyu ban iya kallon hannunka ba," ta ce. "Sau biyu na ɗaure kayana. Sai wata rana na kai maka abinci, na hango ka durƙushe kana juya dutse kana magana kai kaɗai. Na dawo na kwance kayan."

"To me ya sa kika ci gaba da zama a kai?"

"Gajiyar da ke cikinsa ta yi wa mutum ɗaya yawa. Kai ka ɗauko, ni na yi shiru. Na ce rabin nawa ne." Ta miƙe tana dafa kafaɗarsa. "Tashi, kada maƙwabta su ce na buge ka. Jakin 'yar'uwata yana nan, zai ɗauki dutsen. Uwar jakin na fara tanada wa aikin nan, har ta mutu tana jiran bakinka ya buɗe."

Washegari Wenceslao ya taya su ɗora wa jakin dutsen, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Ercilia, ya rufe. Suka hau hanya su biyu da jaki, ba wanda ya fi wani sauri. Rana ta take tsaka kafin su kai. Suka zame dutsen a gindin apacheta, ya zauna daram a tsohon gurbinsa. Ercilia ta ɗora ganye uku, ta zuba 'yar giya a ƙasa, ta kira sunan ƙaninta sau ɗaya, yadda ake kiran yaro cin abinci.

Iska ta ɗauke. Can sama, a kan hanyar tsauni, Anacleto ya ji shi: taku ɗaya, sai jan ƙafa. Ya dubi matarsa. Ta kafa wa ƙasa ido, amma ta matsa gefe, ta jawo jakin daga kan hanya.

Sawun ya iso mararraba ya tsaya, kamar kullum. Anacleto ya buɗe baki zai ce dama, Ercilia ta matse masa hannu. Suka jira. Sai tafiyar ta ɗore, ta wuce ta gabansu, ta bi dama, tana raguwa a kan rairayi har ta ɓace wajen ƙauye.

Sun daɗe a tsaye.

"Zai riga mu isa," in ji Ercilia, tana goge ido da bakin mayafi. "Kuma na bar tukunya a buɗe."

Yanzu Anacleto ba ya hawa. Ya yi wa matarsa benci na katako a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, kullum sai ta faɗa masa. Da tsakar rana yakan fito ya zauna a gefenta ya kasa kunne wajen tsauni. Ba ya jin komai sai motocin otal. Bai gaya wa kowa ba, amma wani lokaci shirun yakan yi masa yawa.