Sharar da Na Yi a Gidan Mutanen Dutse

Hutun bara ban yi shi a London ba. A kan wani dutse na yi shi, cikin tumaki, kuma duk wanda ya ce tumaki ba su iya sauraron hira ba, to bai taɓa rasa abokin magana ba ne.

Ga yadda aka yi. Gwamnati ta turo Baba kwas, muka tattaro ni da shi da Mama muka sauka a wani flat a Camberwell, inda idan maƙwabcinmu ya yi atishawa labulenmu ke motsi. Ana gab da ba mu hutu cikin Mama ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce sai ta kwanta a babban asibitin unguwarmu har ta sauka. Baba ya shiga zirga-zirga, da safe aji, da yamma asibiti. Ni kuma shekarata goma sha biyar, kuma tun ranar da na soya albasa har maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana ya daina yarda ya bar ni ni kaɗai.

Da a gida ne, rigimar da za a yi ita ce gidan wa za a fara kai ni. A nan kuwa waɗanda muka sani duk sun tafi hutu, tunda arzikin man fetur ya mai da jirgin sama kamar motar kasuwa. Gida ɗaya da ya rage, na wata Hajiya a Stratford, ya cika da baƙi 'yan sayayya, akwatuna har silin. Sai wata nas da ke kula da Mama ta ce yayarta tana da gidan saukar baƙi a ƙauyensu, can cikin duwatsun Wales.

"Na yi booking, Uwata," in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ɗakin da ya fi kowanne kyau. Ga iska, ga madara, ba hayaƙin mota."

"Baba, laifin me na yi?"

"In na fara lissafa miki sai mu rasa jirgi. Haɗa kayanki."

Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka muka hau wani, muka shiga bas, daga ƙarshe wani mutum ya kwashe mu a motar da ke warin jiƙaƙƙen kare. Hanya ta yi ta hawa tana lanƙwasa har na fara zaton sama za a kai ni kai tsaye, ba sai na mutu ba. Gidan na dutse ne, shi kaɗai a gefen tsauni. Matar gidan ta fito, doguwa, hannayenta jajur saboda aikin ruwa. Ni da na ɗauka Bature Bature ne, bakinsu ɗaya, sai na ji ita da direban suna wata magana wadda ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

"Mutanen dutse ne," Baba ya raɗa mini. "Kin tuna waɗanda muka zauna da su sa'ad da nake aiki wajen Jos? Suna da yarensu, gonakinsu na gefen tsauni, Hausa sai in sun sauko kasuwa. To haka waɗannan suke da Turanci."

Ya gaya wa matar ban da nama, ya ce zai bugo waya da zarar an sami labari, ya dafa kaina, ya koma cikin motar kare. Na tsaya ina kallon motar har hazo ya haɗiye ta.

Ɗakin nawa dai ba laifi. Gadon ya yi laushin da in ka kwanta sai an turo igiya kafin ka fito. Taga na kallon dutse, dutse na kallon taga. Abin da ya dame ni ɗakin cin abinci ne. Tebura ne a jere, kowanne da farin ƙyalle da 'yar ƙararrawa. Da farko akwai wani tsoho da matarsa, masu saka manyan takalma su fita yawo cikin ruwan sama da gangan. Da suka tafi sai ni kaɗai na rage, ni da agogon bango.

Tunda aka haife ni ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. A gidan kakata a Zariya kwano ɗaya ne hannu bakwai, in ka tsaya tunani ka tashi da yunwa. A wurinmu wanda ake ajiye wa kwano a ja masa ƙofa, ko dai ba shi da lafiya ko ana fushi da shi. Na duba jikina, lafiyata ƙalau. Saura ɗayan ke nan.

A ƙarshen ɗakin akwai wata koriyar ƙofa. Ta nan matar ke fitowa da tire, ta nan take komawa, ƙofar ta rufe kanta a bayanta. Can ciki kicin ne, kuma can masu gidan suke ci: ita, da mijinta makiyayi, da tsohuwar uwarsa. Ina jin ƙarar cokulansu, ina jin rediyo, wani lokaci su fashe da dariya cikin yarensu. Ni kuma ina nan ina tauna a hankali don kada agogo ya ji. Ba abin da nake so a duniya irin in wuce ƙofar nan.

Na gwada gaisuwa. Da safe na rusuna na tambaye ta kwana, da gajiya, da maigida, da tsohuwa, har tumaki sai da na tambaya. Ta yi murmushi ta ce, "Lafiya, 'yata," ta ajiye ƙwai ta wuce. Da yake Baba ya ce ban da nama, ƙwai ne da safe, ƙwai da rana, da yamma kifi ya zo, ƙwai ya rako shi. Har na fara jin idan zakaran gidan ya yi cara da ni yake.

Na gwada ƙararrawa. Na kaɗa, ta fito, na ce gishiri. Na sake kaɗawa na ce barkono. Na nemi ruwa, na nemi wani cokali, na nemi wani abu ruwan ƙasa a kwalba wanda ban san sunansa ba. Kowane lokaci ta kawo, ta ce, "Akwai wani abu kuma?" ta koma. Kafin in gama cin abinci teburina ya zama kanti, amma ko gefen kujera ba ta zauna ba.

Sai na koma wa tumaki. Kullum in hau bayan gida in zauna a kan katangar duwatsu in ba su labarin London. Akwai wata mai ƙiba, mai tafiya tana rangaji, ita na naɗa Hajiyar Stratford. Wani rago mai kallon mutane ta ƙasan ido, shi ne malaminmu na lissafi. Nakan gaya musu yadda Mama ke dariya har ta riƙe ciki, da yadda na bar ta a gadon asibiti ta yi fari, zobenta ya ƙi fita daga yatsa. A nan ne kawai suke daina cin ciyawa su dube ni. Ko kuwa ni ce nake ganin haka.

A kan katangar nan na tuna maganar Mama. Duk sa'ad da muka je gidan wani takan ce, "Baƙunta kwana uku ce. Ran na huɗu, 'yar mutunci tsintsiya take nema." Sai komai ya waye mini. Ashe shi ya sa. Na wuce kwana uku tuni ina zaune ana kawo mini tire kamar amarya, ko tsinke ban ɗaga ba. Dole matar ta ce ba a ba ni tarbiyya ba. Wa zai buɗe wa malalaciya ƙofar kicin?

Na nemi tsintsiya, ban samu ba sai wani buroshi mai doguwar sanda, irin wanda ake shara da shi a tsaye kamar ana jin kunyar ƙasa. Na hau dutse na karyo siraran rassa, na ɗaure su da igiyar takalmina. Washegari bayan na yi sallar asuba na fito na duƙa. Na share ƙofar gida, na share tsakar gida, na bi gindin bango na tsince ganye, har kashin kaji na kwashe. Na bar sawun tsintsiya a ƙasa, layi bayan layi, yadda Mama ke so. Ina cikin goge dokin ƙofa da tsumma sai ƙofar ta buɗe.

Matar ta dubi tsakar gidan, ta dubi tsintsiyata, ta dube ni. Jan da ke hannunta ya hau har wuyanta.

"Wani abu ne bai yi miki ba?" ta ce.

"A'a."

"Gidan da datti ne? Da kin gaya mini."

Ni da a makaranta malamai ke roƙona in yi shiru, Turancina ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ai na wuce kwana uku."

Ta karɓi tsumman daga hannuna a hankali. "Ke baƙuwa ce. Mahaifinki ya bar mini ke amana. Je ki zauna, yanzu zan kawo abincinki."

Ranar nan ɗakina ya sha wanka. Ta canza zanen gado, ta wanke taga, ta goge ƙarƙashin gado, ta sauke labule. Ina tsaye a lungu ina kallon matar da na so in rage wa aiki tana durƙushe tana dirzar dabe saboda ni. Daga nan ko "'yata" ɗin ma ta daina. Sai ta shigo, ta ajiye tire, ta tafi. Dariyar bayan ƙofa ma ta ragu, kamar sun san ina saurare. Na daina kaɗa ƙararrawa. Tumaki ma na daina ba su labari, sai dai in zauna kusa da su.

Wata rana da la'asar, ana ruwa, ta shigo ba tire, tana goge hannu a gaban rigarta. "Mahaifinki ne a waya," ta ce. Ta riƙe mini koriyar ƙofar.

Na sha zana kicin ɗin nan a raina kamar fada. Ashe ɗan ƙarami ne, da baƙin murhun ƙarfe, da safa a rataye tana bushewa, da kare a ƙarƙashin tebur. Tsohuwar na zaune kusa da wuta tana feraye dankali. Wayar na jikin bango.

"Uwata," in ji Baba, muryarsa can nesa. "An sauka. Namiji."

"Mama fa?"

"Da sauƙi. Aiki aka yi mata, ta zubar da jini da yawa. Yaron kuma yana cikin kwalba. Sai kin ƙara haƙuri a nan."

"Zan zo suna?"

"A nan asibiti zan raɗa masa. In sun fito sai mu yi taro. Suna kula da ke dai ko?"

"Sosai, Baba. Har na fara yin fuka-fuki."

Ya yi 'yar dariya, wayar ta yanke. Na mayar da ita, amma hannuna bai sake ta ba. Na gaya wa matar abin da ya ce. Ta ce ta yi murna, ta ce in koma ɗaki ta kawo mini shayi. Na ce to. Ƙafafuna suka ƙi.

Sai tsohuwar ta faɗi wata magana mai kaifi cikin yarensu, ta nuna bayan ƙofa da wuƙarta. Na waiga. Tsintsiyata ce a rataye a ƙusa, da igiyar takalmina da komai. Suka yi 'yar jayayya, sannan matar ta juyo.

"Wai tana tambaya, me ya sa kika yi sharar nan?"

Wannan karon Turancin ya tsaya. Na gaya mata maganar Mama, da kwano ɗaya hannu bakwai, da wanda ake ja wa ƙofa. Ta juya wa tsohuwar da yarensu, a tsakiya ta tsaya ta dube ni, sannan ta ƙarasa. Tsohuwar ta yi tsaki irin nasu, ta sa ƙafa ta turo mini wata 'yar kujera, ta miƙo mini wuƙa.

Na zauna na ja kwanon dankali gabana. Ba wanda ya ce mini komai. Maigidan ya shigo a jiƙe, ya gan ni, ya gyaɗa kai, ya cire takalmi. Suka ci gaba da maganarsu, har yau ban san me suke cewa ba. Ina kan dankali na uku tsohuwar ta fizge shi, ta ɗaga ɓawon sama don kowa ya ga kaurinsa, ta buge mini bayan hannu, ta shiga zazzaga mini faɗa. Ta daɗe tana yi. Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa manya, na ɗauki wani dankalin.